Bindigar da Ta Cije wa Kofur Nomau

To, ku gyara zama, ga ta nan gare ku. Amma ku sani wannan ba irin wadda ake ji a watse ba ce, shari'a zan ajiye muku a gaba ku yanke. Mai surutu ya yi nasa yanzu ya gama, don ni ba na maimaita magana.

A garin Rafin Kanya an yi wani tsohon soja, Kofur Nomau. Dogo ne, bahago, ga faɗin kunnuwa, kuma in dai maganar noma ce ko zumunci ba ka da abin da za ka ce da shi sai sambarka. Sai dai duk garin ba mai kiransa Kofur Nomau sai a gaban idonsa. Da ya ba da baya, sunansa Kofur Ta-cije.

Ga inda sunan ya samo asali. Su uku suka shiga soja daga garin tun suna samari: shi Nomau, da amininsa Yunusa, da wani Ishaƙa wanda ya kai muƙamin saje. Aka tura bataliyarsu yaƙi wata ƙasa mai nisa, ƙasar ruwa da taɓo, inda damina ba ta san ranar tafiya ba. Ana gab da tashi aka karɓe musu bindigar da suka saba da ita, wadda suke kira Tsohuwa, mai nauyi kamar taɓarya, aka ba su wata sabuwa fil, siririya, sai ƙyalli take. 'Yar Gata suka raɗa mata. A wata fadama abokan gaba suka yi musu kwanton ɓauna, kuma Yunusa bai dawo ba. Labari ya riga Nomau isowa gida, wai shi ne na kusa da Yunusa ranar, kuma ko harsashi ɗaya bai fita daga bindigarsa ba. Da dangi suka tambaye shi, abin da ya ce kawai, "Bindiga ce ta cije."

Sai aka je wa Saje Ishaƙa, tun da shi ne babba. Shi kuwa Saje duk yaƙin a filin jirgin sama ya yi shi, kan busasshiyar kwalta, yana goge 'Yar Gata safe da yamma. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Na harba ta har na gaji, ba ta taɓa ba ni kunya ba. In kun ji bindiga ta yi shiru, mai ita ne ya yi shiru." Ba da mugunta ya faɗa ba, son bindigar ne ya rufe masa ido. Amma magana zarar bunu ce. Tabawa, yayar Yunusa, wadda ta goye shi tun yana tsumma, daga ranar ta daina amsa gaisuwar Nomau. Ko naman layya ya aika mata, kwanon a rufe yake dawowa. Aka yi shekara da shekaru a haka, har furfura ta gama da su duka. Nomau da Saje majalisa ɗaya suke zama a gindin kanya, goro ɗaya suke ɓarawa, amma da Saje ya ɗauko yabon 'Yar Gata, abin da ba ya kwana bai yi ba, sai Nomau ya tuna yana da aiki a gona.

Ana nan sai matar ɗansa ta haifi namiji, jikansa na fari. Nomau baki har kunne, yana zaure yana karɓar barka, sai ya ji wata mata tana wucewa cikin gida tana ce wa 'yar'uwarta, "Mu je mu ga jikan Ta-cije." Wasa take yi, ba ta san yana ji ba. Nomau ya ji abin har ƙashinsa. Shi ya ɗauki sunan nan ya saba, 'ya'yansa sun sha shi a dandali sun haƙura. Amma jaririn da ko sunan yanka ba a raɗa masa ba, har an riga an ɗora masa wannan? Wannan ne ya hana shi cin tuwo ranar, kuma ba shi da wanda zai kai wa kuka.

To, ga na farko. Nomau na da abokin ƙuruciya, Zubairu direba, mai jan babbar mota zuwa Kurmi, mutum mai zafin nama wanda ƙafarsa ke riga tunaninsa isa wuri. A satin nan yana can wata tasha ta Kudu yana jiran layin lodi, sai ya shiga gidan kallo don ya rage zafin rana. Ya tarar an sa fim ɗin wani tsohon yaƙi, ba na wasa ba, na gaske, wanda masu ɗaukar hoto suka bi sojoji suka ɗauka. Yana cikin gyangyaɗi ya ga wani saurayin soja kwance cikin taɓo, bindiga a hagu, kunnuwa sun leƙo ta ƙarƙashin hular kwano. Ƙiftawar ido aka nuna shi, fuska duk laka. Amma Zubairu ya sha jan kunnuwan nan suna yara, ko cikin dubu zai gane su. Ya yi tsalle ya tsallake benci, ya cafke mai gidan kallo, ya ce a tsayar. Aka yi ta ja-in-ja, har sai da ya kwance agogonsa ya bar wa mutumin kafin ya sakar masa kaset ɗin. Layin lodin da ya daɗe yana jira ya bar wa na bayansa, ya juyo da mota wayam. A ransa, gani ya kori ji, yau garinsu zai ga Nomau a bakin daga. Abin da bai yi ba shi ne ya zauna ya kalli abin da ya biyo baya.

Ya iso da hantsi yana ta danna oda tun daga bakin gari. Kan ka ce kwabo labari ya karaɗe ko'ina. Aka share tsohon siton gyaɗa, aka toshe tagogi da tabarmi don a sami duhu, aka aro janareto, aka ɗora talabijin ɗin hedimasta kan ganga. Bayan azahar sito ya cika maƙil, maza gefe, mata gefe, har Tabawa ta zo tana dogara sanda, don an ce mata yaƙin su Yunusa ne. Nomau da ƙyar Zubairu ya jawo shi.

Ku da kuka tashi kuka tarar da talabijin a ɗakin iyayenku ba za ku gane ba. Igwar farko da ta tashi, mai unguwa sai ganinsa aka yi ƙarƙashin benci, ya fito yana kakkaɓe riga wai goronsa ne ya faɗi. Wata tsohuwa ta miƙe tana yi wa wani soja magiya, "Ɗan nan, duba bayanka mana," da bai duba ba ta ce ai ga irinta nan, yaran yanzu ba sa jin magana. Da aka nuna sojoji suna wanka a rafi, mata suka ja mayafi suka rufe fuska, suna leƙe ta gefe. Mai bayanin fim yana ta zuba Turanci ta hanci, ba wanda ya kula shi, don Saje Ishaƙa na gaba cikin tsohon kakinsa da maɓalli ya daina haɗuwa, shi ke fassara abin da ya ga dama. "Ga ta nan," in ji shi, "'Yar Gata ke nan. Ku dubi ƙira, ku dubi tsayi." Har Nomau sai da ya murmusa.

Can sai ga fadama, ga sojoji kwance cikin taɓo, ga bahago mai kunnuwa. Zubairu ya miƙe ya bugi ƙirji. Mata suka soma guɗa. Guɗar ba ta kai ƙarshe ba, sai saurayin cikin hoto ya yi jifa da bindiga, ya tashi a duƙe, ya zura da gudu ya fice daga hoton. Wani marar ta ido ya tuntsire da dariya a baya. Tabawa ta dogara sandarta ta miƙe, ta ce, "Ashe abin da aka tara mu mu gani ke nan. An gode." Ta fita, jama'a suka bi bayanta. Zubairu kamar ƙasa ta tsage ya shige, garin neman gira ya rasa wa abokinsa ido. Nomau kuwa ya sulale ta ƙofar baya, amma bai tafi gida ba, ya zauna bayan sito ƙarƙashin taga, tabarma ce kawai tsakaninsa da na ciki. Shi ya san inda ya nufa da gudun nan, amma wa zai tsaya ya saurare shi yanzu?

Ga na biyu. Cikin 'yan kaɗan da suka rage akwai Sarkin Maƙera Haladu, gajere, kakkaura, wanda ƙarar guduma ta cinye masa kunne ɗaya, don haka ko sirri zai yi maka sai unguwa ta ji. Duk bindigar maharban yankin daga maƙerarsa ta fito, kuma shi da bakinsa yake cewa ba a haifi wanda ya fi shi sanin ƙarfe ba. Zubairu ya zaro kaset, ya rantse ƙarƙashin tayar motarsa zai sa shi, sai Haladu ya damƙe masa wuyan hannu. Wanda ya taɓa shiga hannun maƙeri ya san ba a ƙwacewa. "Mayar da shi," in ji Haladu. "Ku ƙafa kuka kalla, ni hannu na kalla. Tariyo mini baya."

Nomau na jin komai daga waje. Aka tariyo, aka tsayar, aka sake tariyowa. Sai Haladu ya ce, "Kun gani? Ya ja kunama, shiru. Ya ja ƙarfen ɗanawa, ya ƙi motsi. Ya doke shi da tafi. Ga shi ya kafa gindinta a ƙasa yana taka ƙarfen da takalmi. Yanzu me ya zaro? Wuƙa. Kwanson harsashi ne ya maƙale, yana ƙoƙarin ɓamɓaro shi, ga wuta na zuba a kansa. Matsoraci ba ya tsayawa yi wa bindiga sakace. Ku bar shi ma, ku dubi na damansa, ku dubi na can gefe, me suke zura wa bakin tasu? Kara." Ya ce wanda ya ƙera 'Yar Gata gwani ne, gwanintar ce ta yi yawa, ya haɗa ƙarfe da ƙarfe ba inda ko iska za ta wuce. A busasshiyar ƙasa ba ta da na biyu, amma in taɓo ya shiga ba shi da hanyar fita. Tsohuwa kuwa sakwa-sakwa take, ka girgiza ta tana ƙara, shi ya sa take cin laka ta tofar. Nomau a bayan taga hawaye suka zubo masa, don tun da ya dawo daga yaƙi yau ne wani ya faɗi abin da hannunsa ya yi. Sai wani daga ciki ya ce, "To, ta cije, mun yarda. Gudun fa?" Nan Sarkin Maƙera ya yi shiru, don ƙarfe ya sani, bai san ƙafa ba. Duk da haka ya fita ya nufi kasuwa yana shelar rabin da ya gano.

Ga na uku. Saje Ishaƙa ya ƙeƙasa ƙasa ya ce shi bai yarda ba. Bindiga biyu ko uku a bataliya guda, ai ta malalata ce da ba sa gogewa. Ya ce a bar masa fim ɗin ya tafi har ƙarshe, dole a nuno filin jirgi, kowa ya ga yadda 'Yar Gata ke aiki a hannun waɗanda suka san darajarta. Mutane suka gaji da shi suka zare ɗaya bayan ɗaya. Zubairu ya tafi neman Nomau gida don ya ba shi haƙuri. Aka bar Saje shi kaɗai da taurin kansa. Filin jirgi dai har yau ba a nuno shi ba. Amma can dab da ƙarewa, sai ga tantin likitoci a bakin wani kogi, ga sojoji na fitowa daga ruwa. Cikinsu akwai dogon nan mai kunnuwa, ba bindiga, ba hular kwano, ruwa iya ƙirji, ya goyo mutum a baya. Na goyen ya kwantar da kai a kafaɗarsa, bakinsa na motsi, wushiryarsa a fili. Yunusa ne.

Ku lura, ba kowa a siton. Da Saje ya kashe na'ura ya fito ya ce ba komai a ƙarshen, wa zai ƙaryata shi? Kaset ɗin ma tayar Zubairu ke jiransa. Kuma ya san in wannan hoto ya fita, maganar da ya yi shekaru yana tinƙaho da ita ce za ta zama abin dariya. Nomau ya ji an ja benci, ya ji takun takalmi ya zagayo bayan sito. Saje ya yi turus da ya gan shi a zaune. Sai ya ja kakinsa ya gyara iyakar yadda zai gyaru, ya ƙame, ya sara wa kofur, shi da yake saje.

Ya ce, "Nomau, me ya hana ka faɗa?"

Nomau ya ce, "Ban kai shi ba, Saje. Muna hango tantin, Yunusa ya cika a bayana. Da wane baki zan yi alfahari da wannan?"

Saje bai tsaya nan ba, ya wuce gidan Tabawa. Ta ce ba ta fitowa. Ya cire hula ya zauna a ƙasa ƙofar gidan, tsofai-tsofai da shi, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Yaya Tabawa, ni na ɓata, ni na zo gyarawa. Abin da ban gani ba na yi wa shaida. Ki zo ki ga inda Nomau ya nufa da gudun nan. Yunusa na ciki, fuskarsa tar." Da wani ne ya zo da wannan magana, da ta kore shi da muciya. Amma bakin da ta riƙe maganarsa shekara da shekaru ne ya zo, ga shi kuma ko hoton Yunusa ɗaya ba ta da shi a duniya.

Washegari da hantsi sito bai ɗauki mutane ba, har kan katanga. Mai unguwa ya zauna can baya kusa da ƙofa, wai don iska. Sarkin Maƙera ya tsaya gefen talabijin da tsinken ƙarfe yana nuni, kowa na gyaɗa kai kamar da ma ya sani. Da aka zo wurin gudu ba wanda ya yi tari. Da aka zo bakin kogi, Tabawa ta yar da sanda, ta taka da ƙafarta har gaban ganga, ta sa gefen mayafi tana goge gilashin. Ta ce, "A tariyo." Aka tariyo. Ta ce a sake. Sai da mai janareto ya fara kukan mai. Sannan ta juyo, karon farko tun suna da baƙin gashi, ta dubi Nomau.

"Bakinsa na motsi. Me yake ce maka?"

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsiya yake mini, Yaya. Wai kunnuwana sun tare masa hanya, ba ya ganin gaba."

Sito ya kwashe da dariya, amma ta Tabawa ta fi ta kowa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, hawaye na bin kumatunta. "Shi ne," in ji ta. "Wallahi shi ne, ba mai faɗin wannan sai shi. Ashe a bayan ɗan garinmu ya cika, yana tsokana. Nomau, ka yafe mini." Nomau ya ce ba ta yi masa komai ba. Ta ce ƙarya yake, ta yi, kuma a kai ta ta ga jaririn yanzu-yanzu, tuwon suna ma ita za ta tsaya a kansa, kada wata ta kuskura ta taɓa mata tukunya. Aka fito da Nomau ana guɗa, maharba suka yi ta sakin bindigogin Haladu sama, kuma don Allah ya rufa wa maƙeri asiri ko ɗaya ba ta cije ba. Matar nan da ta yi maganar jikan Ta-cije ita ta fi kowa rawa. Nomau ya ci tuwo malmala biyu ranar, ya nemi ƙari.

Ana gobe suna, ɗansa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, zaɓin suna naka ne." Nomau ya ce wanda ya sauke wa yaron nan kayan da aka so ɗora masa, shi za a yi wa takwara. Nan fa ake yin ta, don jariri ɗaya ne, mutum uku ne.

'Yan tasha suka ce Zubairu. Shi ya gane fuska cikin laka a ƙiftawar ido, ya bar agogonsa da lodinsa don abokinsa. Ba don shi ba, da kaset na can Kurmi, Haladu bai ga hannu ba, Saje bai ga kogi ba. Aka ce musu to, amma gaggawarsa ta kusa binne Nomau da rai, kuma da hannunsa ya so ya murƙushe shaidar.

Maharba suka ce Haladu. Shi ya riƙe hannun Zubairu, shi ya ga abin da gari guda ya kalla bai gani ba, shi ya wanke maganar da Nomau ya dawo da ita daga yaƙi. Ba don shi ba da an tashi a kan dariya. Aka ce musu to, amma da aka tambaye shi gudun fa, ai shiru ya yi.

Dattawan gindin kanya suka ce Ishaƙa. Shi kaɗai ya ga ƙarshe, yana da ikon binnewa bai binne ba, ya zauna a ƙasa gaban mace ya ƙaryata kansa, abin da ya fi wa tsohon soja shiga wuta wuya. Ba don shi ba Tabawa ba ta dawowa. Aka ce musu to, amma wa ya ƙulla abin tun farko? Kuma ba neman gaskiya ya zaunar da shi ba, gardama ce.

Na ga bakin wasunku na motsi. Kada wanda ya yi mini wayo ya ce a sa wa yaro Yunusa a huta. Uban jaririn sunansa ke nan, Nomau ya daɗe da yi wa amininsa wannan, tun lokacin da ba mai gode masa.

Rago na ɗaure, wanzami ya wasa aska, liman zai iso da sassafe ya tambayi suna, Nomau kuwa na zaune a zaure ya rasa na zaɓa. To, ku da kuka ji komai, wane suna zai ba liman: Zubairu, Haladu, ko Ishaƙa?